Faɗuwar ta ragu amma ƙanwata ta daina walwala

Tambaya: Likita barka da aiki. Ƙanwata na da farfaɗiya, tunda aka ɗora ta kan magani faɗuwar ta ragu sosai, amma yanzu ba ta son magana da kowa, abu kaɗan sai kuka ko faɗa, abinci ma sai an matsa mata. Maganin ne ko me?

Amsa: Sannu 'yar uwa, Allah ya ba ta lafiya. Abin da kika lissafo alamun ciwon damuwa ne, kuma ya yi yawa a masu farfaɗiya, kusan mutum 1 cikin 4 na fama da shi. Ba shagwaɓa ba ce, ba kuma raunin imani ba. Sashen ƙwaƙwalwar da farfaɗiya ta fi tasowa, wajen gefen kunne, yana da hannu a tsoro da ɓacin rai, to ga wannan ga kuma zullumin yaushe zan faɗi, a gaban wa, ga mutane na ja da baya kamar ana ɗauka alhali ba a ɗauka.

Abin da ke damuna shi ne mu likitoci da 'yan uwa duk faɗuwa muke ƙirgawa, sau nawa a wata, shikenan. Amma a waɗanda ciwon bai gama lafawa ba, damuwar ta fi yawan faɗuwar hana su jin daɗin rayuwa, ita ke hana bacci, ta sa a riƙa tsallake magani, rashin baccin kuma ya sake tayar da ciwon.

Eh, magani na iya jawowa. Cikin magungunan farfaɗiya, levetiracetam an san shi da sa saurin fushi, phenobarbital kuma da kashe jiki da ƙunci. Amma don Allah kar ku tsayar mata da kanku, dainawa farat ɗaya na iya kawo jijjigar da ba ta tsayawa. Ku koma wurin likitanta ku faɗa masa yaushe abin ya fara, bayan sabon magani ne ko ƙarin ƙwaya, kuma kullum ne ko kwana ɗaya biyu bayan faɗuwa kawai. Zai iya canza mata, ko ya ƙara maganin damuwa irin su sertraline da yawanci ba sa tayar da farfaɗiya, tare da zama da masanin halayyar ɗan adam. Tramadol kuwa ta yi nesa da shi.

In ta taɓa cewa gara ta mutu ko ta gaji da duniya, kar ku jira ranar komawa asibiti, ku kai ta a ranar, kuma wani ya riƙa ajiye mata ƙwayoyin yana ba ta.