Rubutun nan mai ƙiba ba na ko'ina ba ne

Kai yaro, ajiye wayar nan tukuna. Tambaya kake ina ya dace a sa rubutu mai ƙiba mai lanƙwasa, irin Lobster ɗin da kake liƙa wa kowane aiki. Wani ɗan Ajantina, Pablo Impallari, ya zana shi a 2010, kuma kyauta ne, shi ya sa ya cika gari. Kafin shi akwai Brush Script na Amurka tun 1942. Mu da buroshi da fenti muka koyi irin wannan hannu, ku kuwa latsawa kawai kuke yi kuna jin kun iya.

Rubutun wasa ne, na fara'a. Sunan gidan burodi, shagon yogot, kwalin cincin. Kalma ɗaya ko biyu, babba, shi ke nan. Ka sa shi a allon asibiti ko sanarwar rasuwa, ni da kaina zan kore ka.

Ka ma tuno mini da wani Alhaji mai gidan abinci. Allo mai fitila ya ce yana so, ya ga rubutun a wayar ɗansa ya nace. Sunan shagon, jerin abinci, lambar waya, duk a yi su da shi, kuma wai da manyan baƙaƙe zalla don a hango daga titi. Na ce Alhaji, baƙaƙen nan riƙe da hannun juna suke tafiya, ƙarami ke kama ƙarami. In ka jera manya, jelar wannan ta hau kan wancan, ba mai iya karantawa. Ya ce kuɗinsa ne ko nawa? Na yi shiru. Ya ba da rabi, na cika daga aljihuna na sayo ƙarfe da fleks, ledar nan da ake buga rubutun allo a kai, da fitilu, na biya mai walda, muka kwana muna ɗaurawa. Da na je karɓar ciko, sai ga mutumin nan a gaban yaransa yana cewa mutane ba sa gane sunan shagon, na ɓata masa aiki. Ni! Yau ya yi tafiya, gobe yana masallaci. Har yau allon na nan rataye, kullum da dare yana ci da fitilun da na saya. Allah ya isa.

Saboda haka lambar waya da adireshi, Arial ko wani miƙaƙƙen rubutu. Kuma ka duba ko akwai ƙ da ɗ da ɓ a cikin rubutun da ka zaɓa, don da yawansu babu, sai CorelDraw, manhajar da muke zane da ita, ya cusa maka wani siririn harafi a tsakiyar suna. Zaɓen kala ba zan tsaya koya maka ba, ai kana da ido.

In sitika za ka yanka, ka yi Weld tukuna, wato ka haɗe baƙaƙen su zama jiki ɗaya, in ba haka ba injin zai datse duk inda baƙi ya hau baƙi. Tashi ka gyara na mai yogot ɗin nan, bayan la'asar zai zo.