Zauren Tambaya: Akwati mai kwaɗo uku

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan watan. Ta farkon ce ta fi cin wuri, saboda na san ciwon da mai ita take ji.

TAMBAYA: Anti, barka da aiki. Ni ce uwar adashi a unguwarmu, a wani gari kusa da Funtuwa. Mu ashirin da huɗu ne, yawancinmu masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Kowace tana zuba naira dubu biyu duk Juma'a, shekara shida ke nan ba a taɓa jin kanmu ba. Watan jiya ma'aikatan wata ƙungiyar agaji suka zo, suka ce za su ba mu injin matsar gyaɗa su kuma koya mana lissafi, amma sai mun yi rajista mun zaɓi shugaba da sakatariya da ma'aji. Tun ranar zama ya ƙi daɗi. Wasu na cewa ni zan ci gaba da riƙe komai tunda ni na tara su, wasu na cewa a ba wata yarinya da ta gama sakandare. Ni ban yi boko ba, allo na yi sai Islamiyya. Raina ya ɓaci, ji nake kamar an ce ban iya ba. In bar musu ne, ko in ce wa masu injin su tafi da abinsu?

AMSA: Hajiya, kada ki yi ko ɗaya. Macen da ta riƙe kuɗin mata ashirin da huɗu shekara shida ba a yi cacar baki ba, babu mai koya mata riƙon amana. Amma bari in ba ki labarin gwaggona, Allah Ya jiƙanta.

Uwar adashi ce kamar ke. Ba ta rubutu, don haka bayan ƙyauren ɗakinta ne littafinta. Kowace mace tana da layinta a bango, zane ɗaya da gawayi zubi ɗaya, wadda ta kwasa kuma a zagaye mata nata. Kuɗin suna cikin wata tsohuwar kwalla a ƙarƙashin gado, an rufe da tsumma. Ina yarinya nakan tsuguna in ga tana ƙirga zanen da ɗan yatsa, leɓenta na motsi, ba ta taɓa kuskure. Wata shekara ta kwanta jinya a asibiti ana gab da ƙaramar Sallah, 'ya'yanta suka ce bari su faranta mata rai kafin ta dawo, suka shafe ɗakin da farar ƙasa, har bayan ƙyauren. Ta dawo ba ta da ƙarfin tuna komai. Mata biyu suka rantse ba su kwasa ba, alhali kuɗin da ke kwallar na mutum ɗaya ne. Babu wadda ta ci amanar wata, amma adashin nan bai sake tashi ba, matan biyu kuwa har ɗayar ta rasu ba sa ga-maciji.

Abin da masu injin suke nema ke nan, ko da ba su iya faɗa miki da kyau ba: ƙungiyar da za ta tsaya ko kina Makka, ko kina kwance.

Wannan tsarin ma ba baƙo ba ne, daga ƙasar Hausa ya fita. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shi da matan ƙauyuka a jihar Maraɗi ta Nijar, da sunan Mata Masu Dubara. A kan adashinmu aka gina shi, kuma ba a zuba wa matan ko dala daga waje ba, kuɗinsu ne suke tarawa suna ranta wa juna. Daga Maraɗi ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka har da Asiya. Yadda aka saba yinsa yanzu, mata goma sha biyar zuwa talatin ne ke haɗuwa duk mako. Akwai akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku daban-daban, akwatin kuma yana kwana a ɗakin ta huɗu wadda ba ta da makulli ko ɗaya. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Mata biyu ke ƙirga kuɗi da babbar murya, sakatariya ta rubuta, a faɗi abin da ya rage kowa ta ji ta riƙe a kai har mako mai zuwa. Ana ware ɗan asusu na daban don haihuwa da rashin lafiya da rasuwa. In shekara ta zagayo a fasa akwati, kowace ta karɓi nata gwargwadon zubinta, a sake zaɓe.

Ki lura, a wannan tsarin shugaba ba ta riƙe kuɗi kuma ba ta riƙe biro. Aikinta buɗe taro, sasanta rigima, tunkarar wadda ta ƙi biyan bashi ba tare da an ci mutuncinta ba, da tsayawa gaban mai unguwa ko dagaci a yi magana da yawun mata. Wannan aikinki ne, yarinyar ba za ta iya ba tukuna. Rubutun kuwa nata ne. Ki kira ta ɗakinki tun kafin ranar taro, ki ce mata kina so ta zama sakatariya, ke da bakinki. In daga gare ki maganar ta fito, masu zuga sun rasa abin riƙewa. Kuma ki yarda a yi zaɓen na gaskiya, ki tsaya a zaɓe ki. Na fi zaton za ki ci, kuma kujerar da aka ɗaga miki hannu a kanta ta fi wadda kika gada daga kanki ƙwari.

Abu ɗaya ku tattauna tun wuri. A wurare da yawa ana ɗora wani kaso a kan rance, shi ne ribar da ake rabawa ƙarshen shekara, kuma mata da yawa a wajenmu ba sa yarda da shi don gudun riba ta haram. Ba dole ba ne. Kuna iya ba da rance babu ƙari, ku nemi ribar ta hanyar ciniki: ku sayi buhunan gyaɗa da kaka tana araha ku sayar wa 'yan ƙungiya da bazara, ko ku yi kiwon raguna don babbar Sallah. Ku kai wa malaminku tsarin ya duba kafin ku rubuta shi a dokarku.

Sai batun injin. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka ku san askin tun kafin ku karɓi ladan. Ku tambaye su sunan wa zai hau takardar injin, na ƙungiya ko na mutum ɗaya. A filin wa za a kafa shi, don in a gidan mijin wata ne, ranar da aka yi faɗa injin ya zama na mai gida. In ya lalace wa zai gyara, kuma ana samun kayan gyaransa a Funtuwa ko Zariya, ko sai an aika Legas? Nawa zai sha na mai a rana? Yaushe aikinsu zai ƙare su tafi? Na taɓa ganin injin markaɗe da wata ƙungiya ta ba mata a wani ƙauye. An yi biki, an ɗauki hoto, wata huɗu bel ya tsinke, babu wanda aka ware wa kuɗin gyara. Da na koma, kaji ne ke ƙwai a ƙarƙashinsa. Tun ranar farko ku riƙa cire wani abu daga kowane awo kuna ajiyewa don gyara. Kuma ko me za a ba ku, kada ku daina zubin Juma'a.

TAMBAYA: Hajiya, ni malamin firamare ne a Sakkwato. Ba na ƙin ci gaban mata, 'ya'yana mata uku duk suna makaranta. Amma wannan maganar shugabancin mata da ake ta yi a rediyo, ba Turawa ne suka kawo mana ita don su raba mu da tarbiyyarmu ba?

AMSA: Malam, Allah Ya raya 'yan matan nan. Na yi murmushi da na ga daga inda wasiƙar ta fito, domin a garinku Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta yi aikinta. An haife ta a 1793, ta rasu a 1864, kusan shekara arba'in kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903. Ita ta kafa 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali daga ƙauye, ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa da jan rawani don kowa ya san an ba ta matsayi. Jajin kan jagoranci ayarin mata su zo wurinta su ɗauki karatu, mafi yawa a waƙe don sauƙin hadda, su koma su koyar a gidajen da namiji ba ya shiga. Ba karatu kaɗai suke yi ba, suna duba marasa lafiya, suna wankan gawa, suna sasanta mata. In yau wata ƙungiya ta yi haka, a rediyo za ka ji ana kiransa horar da shugabanni mata.

Inda nake tare da kai shi ne, akwai masu zuwa da kalmomin da ba namu ba, su tara mata a otal kwana biyu, a raba jaka da kuɗin mota, a watse ba a gyara ko famfo ɗaya ba. Wannan ni ma yana gundurata. Batun mace ta hau babbar kujerar mulkin ƙasa kuwa malamai sun yi magana a kai, ba fagena ba ne. Amma shugabar makarantar 'yan mata, da mai kula da ɗakin haihuwa, da amirar Islamiyya, ban san malamin da ya ce a ba maza su ba. Mata Musulmi da kansu suka kafa FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, a Minna a 1985, kuma makarantu da asibitoci suke gudanarwa. Cikin 'ya'yanka uku wata za ta riƙe irin wannan wurin, in sha Allahu.

TAMBAYA: Anti, shekarata ashirin da takwas, na gama jami'a, ina zaune a Kano. Ina so in tsaya takarar kansila a mazaɓarmu. Mahaifina ya yarda. Ƙawayena na cewa ɓata kuɗi ne kawai. Ta ina zan fara?

AMSA: Ƙanwata, ƙawayenki ba ƙarya suke yi ba, amma ba su faɗi duka ba. A zaɓen 2023, matan da suka shiga Majalisar Tarayya ba su kai kashi 5 cikin 100 na kujeru 469 ba. A watan Maris na 2022 majalisar ta yi watsi da ƙudurorin da suka nemi a ware wa mata kujeru. Maƙwabtanmu Nijar kuwa tun 2000 suka yi dokar kaso, suka fara da kashi 10 na kujerun zaɓe, suka kai shi kashi 25 a 2019. Ruwanda ta sa kashi 30 a tsarin mulkinta na 2003, zuwa 2008 mata sun fi maza yawa a majalisar wakilanta. Mu nan Arewa, sai a shekarun 1970 aka yarda mace ta jefa ƙuri'a, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU sun sha duka da ɗauri a kai. Babban zaɓen farko da iyayenmu mata suka yi shi ne na 1979.

Wahalar ba ranar zaɓe take ba, tana cikin jam'iyya. Manyan jam'iyyu kan rage wa mata kuɗin fom, amma a zaman dare ake yanke wanda za a ba tuta, sau da yawa a gidan wani babba, lokacin da ke kina gida. Zaɓen ƙananan hukumomi kuma hukumar zaɓe ta jiha ke shirya shi, kin san yadda yakan kaya. In suka ga kina da kai, abin da za su fara miƙa miki shi ne shugabar mata, wato tara mata ranar gangami da rabon atamfa. Kina iya karɓa, amma ki san ba ita kika zo nema ba.

Abin da na lura da shi a wasiƙarki, kin faɗi digirinki da yardar mahaifinki, ba ki faɗi mutum nawa za su fito dominki ba. Matan Maraɗi da na ambata a sama, da yawa daga cikinsu sun zama kansiloli daga baya, domin sun shekara suna magana a gaban taro, kuma suna da mata a bayansu waɗanda suka ga riƙonsu. A Laberiya ma, kafin Ellen Johnson Sirleaf ta ci zaɓen 2005 ta zama mace ta farko da aka zaɓa shugabar ƙasa a Afirka, matan coci da na masallaci sun haɗu a 2003 sanye da fararen kaya sun matsa sai an daina yaƙi, matan kasuwa kuma suka fito suka yi rajista.

Don haka ki fara da ƙofar da ke buɗe. Makarantun gwamnati suna da kwamitin al'umma mai sa ido kan makaranta, mazaɓu kuma suna da kwamitin da ke kula da ƙaramin asibiti, kuma duka ana neman mata a ciki. Ki je wurin mai unguwa da mahaifinki ku gaisa, ki nemi shiga ɗaya. Ki zaɓi matsala guda wadda ake gani da ido, rijiyar burtsatse da ta mutu ko ajin da rufinsa ya yaye, ki bi ta har ta gyaru, ki kuma karanta wa jama'a lissafin kowace naira da aka tara. Ki yi rajista da jam'iyya a mazaɓarki yanzu, ki riƙa zuwa taronsu na rana ko ba a gayyace ki ba. Bayan babbar Sallah ki sake rubuto mini, ki gaya mini wace rijiya kika zaɓa da kuma nawa mai gyara ya ce.