Filin Masu Karatu: Rezistar nutural ta rage kuran, wane CT zai gan shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin wuta ne a wata masana'antar tatsar man gyaɗa a nan Maradi. Mun sayo taransfo mai MVA 5, kilobolt 20 zuwa 6.6, ɗaurin Dyn11, wato naɗin delta a ɓangaren 20, naɗi mai nutural a ɓangaren 6.6. Mai kawo kaya ya ce a sa rezista mai amfiya 200 tsakanin nutural da ƙasa, kuma CT (ƙananan taransfo na auna kuran) 500/5, masu mayar da amfiya 500 zuwa 5, aji 0.5 da ke ajiye a sito za su ishe mu ko'ina. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Batun rezistar da dama-dama. Batun CT kuwa, a'a.

Tsakanin faz (ɗaya daga wayoyin wuta uku) da nutural akwai bolt 6,600 raba 1.732, wato wajen 3,810. Raba wannan da amfiya 200, rezistar ta kama om 19. Kafin ka amince da 200, ka lissafa kuran ɗin da kebul-kebul ɗinku na ƙarƙashin ƙasa ke zubarwa ta kapasitans, wato cajin da kebul ke riƙewa. Dole kuran rezista ya fi shi, in ba haka ba duk sanda faz ya taɓa ƙasa sai bolt ya riƙa tsalle yana cin rufin waya a motoci. A masana'anta mai gajerun kebul, 200 ya wuce shi nesa.

A duba lokacin juriya da aka rubuta a farantin rezistar. Mai daƙiƙa 10 tana shan kilowat 762 a wannan ɗan lokaci, ƙarfenta kan yi ja kamar garwashi, don haka rile, na'urar kariya, ya yanke wuta tun da sauran rata mai yawa. A faɗa wa maƙerinta cewa zafin Afrilu da Mayu a nan yana wuce digiri 40, a kuma nemi akwati mai raga, saboda ƙurar hunturu da ƙadangaru.

Ga inda aka fi yin tuntuɓe. Cikakken lodin taransfonku a ɓangaren kilobolt 6.6 amfiya 437 ne. Da kun sa rezista, kuran da zai bi ƙasa bai kai ko rabin wannan ba. Rilen bambanci, 87T, yana hango shi ne ta ɓangaren delta, inda yake raguwa zuwa kusan kashi 26 cikin ɗari na cikakken lodi, kuma wannan in matsalar a bakin taransfo take. In ta faru can cikin naɗin waya kusa da nutural, abin da zai gani kusan babu. Rilen da aka saita a kashi 30 zai yi shiru alhali taransfo na cin kansa. Maganin shi ne rilen 64REF, wanda ke kwatanta kuran faz uku da na nutural kaɗai. Ra'ayinmu, sayen rezista ba tare da shi ba rabin aiki ne.

Saboda haka CT biyu ake so a kan wayar nutural. Na farko na 64REF: in rilen mai babban impidans (turjiya ga kuran) ne, dole ya zo daidai da na faz, 500/1, aji PX, kuma boltin da ƙarfensa ke fara ƙoshi, wato ya daina auna daidai, ya ninka boltin saitin rile aƙalla sau biyu. Na biyu 200/1, a zaɓe shi bisa kuran rezista, ya ciyar da rilen 51N, mai ganin kuran da ke bin ƙasa, da aka saita wajen amfiya 20 zuwa 40, shi ne mai tsaron rezistar kanta.

Aji 0.5 na mita ne, na lissafin kuɗin wuta. Galibi an ƙera shi ya ƙoshi da wuri don ya kare mita, wato yana daina faɗin gaskiya daidai lokacin da rile ke buƙatarsa. In impidans ɗin taransfonku kashi 7 ne, gajeriyar haɗuwa (wayoyin faz su taɓa juna) za ta kawo wajen amfiya 6,200, ninki 12 da ɗoriya na 500. Aji 5P20, na kariya, ke ɗaukar wannan, muddin lodin da aka rataya masa bai wuce na farantinsa ba.

Me ya sa muke ta cewa CT mai fitar da amfiya 1 maimakon 5? Nisa. In mita 50 ne daga taransfo zuwa ɗakin rile, wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 2.5 zuwa da dawowa om 0.74 ce. A amfiya 5 waya kaɗai ta cinye VA 18.5, a amfiya 1, VA 0.74.

Ranar haɗi a tabbatar P1 da P2 na CT ɗin nutural, wato mashiga da mafitar babbar waya, ba su juye ba, don in sun juye 64REF zai yanke wuta kan matsalar da ke waje. Kada a taɓa buɗe S1 da S2, bakunan CT da ke zuwa rile, alhali kuran na bi, a gajarce su tukuna. Sannan kowace shekara, kafin damina, a kashe taransfo a auna rezistar. Takan tsinke ba wanda ya sani, wuta na tafiya lafiya lau, nutural kuwa ya rabu da ƙasa. In awo ya kauce wa om 19 da fiye da kashi 10, a buɗe akwatin a bi mahaɗan ɗaya bayan ɗaya.