Launin hotunan nebula: na gaske ne ko fenti?

Tambaya: Na ɗauki hoton nebular Orion, gajimaren iska da ƙura da ke can cikin taurari, ya fito toka-toka, alhali na wasu jawur da shuɗi kamar an watsa musu fenti. Ta madubin hangen nesa ma tokar nake gani. Anya ba ƙirƙirar launin suke yi ba?

Amsa: Malam, idonka bai yaudare ka ba, su ma ba lallai ne sun yi ƙarya ba. Ido ba ya tantance launi idan haske ya yi rauni, kyamara kuwa tana iya daɗewa tana tara shi. Jan nan na gaske ne, iskar haidurojin ce ke fitar da shi a nanomita 656 (awon tsawon zangon haske ne, wanda ke bambanta launi da launi), oksijin kuma ke ba da kore mai ratsin shuɗi wajen 501. Sai dai yawancin kyamarori akwai gilashin da ke tare kaso mai yawa na jan.

Kada ka dogara da hoto ɗaya. Ɗauki kamar 100 masu daƙiƙa 30-30 a kan mariƙin da ke bin juyawar sama, ka haɗe su a manhajar Siril ko DeepSkyStacker, duk kyauta ne. Tsaki-tsakin da ke ɓata hoto zai ragu kusan ninki 10. Abin da zai fito duhu ne ƙirin, sai ka riƙa ɗaga haskensa sannu a hankali. Wanda ya cika hannu a nan sai tsakiyar ta ƙone fari fat, taurari huɗun da ke wurin, waɗanda ake kira Trapezium, su narke su zama dunƙule ɗaya. Maganinsa ka ƙara wasu gajeru, masu daƙiƙa 3 ko 5, don tsakiyar kawai.

Inda zarginka yake da ƙamshin gaskiya shi ne salon launi na Hubble, madubin hangen nesan da ke sararin samaniya, salon da hoton nebular Eagle na 1995 ya shahara da shi. Hasken iskar farar wuta da ke cikin nebula da na haidurojin duka ja ne, don haka aka bar wa farar wuta ja, aka mai da haidurojin kore, oksijin shuɗi, domin a ga mazaunin kowace iska. Ni ban ga laifinsa ba, muddin an rubuta a ƙasan hoton cewa haka aka yi.

Abin da nake ɗari-ɗari da shi manhajojin nan ne masu kaifafa hoto da kansu. In an matsa musu, sukan zana zare-zaren da babu su a sama. Ka ajiye hoton asali kusa da gyararren, duk zaren da ba ka ga alamarsa a na farkon ba, ka rage ƙarfin manhajar har ya ɓace.