Amsa ga mai tambayar koren kwaɗo a bandaki

Wayyo 'yar uwa, ina karanta tambayarki ina dariya ina tausayinki, wai kin ɗaga murfin masai kin ga koren kwaɗo ya zuba miki ido, kina tambaya ko yana da dafi. Wallahi ni ce nan shekarar da muka zo Brisbane a Ostireliya.

Da asuba ne, na shiga alwala ban kunna wuta ba, ga tsohon ciki, kawai na ji abu mai sanyi ya manne min a ƙafa. Ihun da na yi har maƙwabta, buta ta yi gefe na zame na bugu da ƙugu, kwana uku ina ɗingishi. Maigidan kuwa maimakon sannu sai dariya har da riƙe ciki, wai ke da kika taso kusa da kududdufi a Kano. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Shi kuma ejan ɗin gidan sau huɗu ina kira, ƙarshe ya ce ai sa'a ce kwaɗon ya zaɓi gidanmu. Sa'a fa!

To ba ya cizo, ba ya komai, ki dai wanke hannu in kin taɓa shi. Don Allah kar ki fesa masa maganin ƙwari ko ki zuba bilic, ta fata yake shan komai, ni na yi wa na farkon kuma yadda ya mutu bai bar ni na yi barci ba. Doka ma ta kare su a nan. Ki jiƙa hannu ko ki sa roba ki kai shi cikin shuke-shuke, amma fa suna dawowa, namu sau biyu. Ta bututun iskan masai na saman rufi suke shigowa, sai da muka ɗaura raga a bakin muka huta.

Sanyi da laima yake bi, da dare ya fito gindin fitila ya ci kyankyaso, gizo-gizo, fara, manyan har ɗan ɓera suna haɗiyewa. Da damina, daga Nuwamba zuwa Fabrairu suke aure, in kin ji ƙara cikin bututun ruwa namijin ne. Macen ta zuba ƙwai a ruwan da ke kwance, 'ya'yan su fito da jela kamar kifi, wajen sati shida sun yi ƙafafu. Ki kifar da bokitai kawai. Waɗanda ake kiwo ma suna kai shekara 16.

Wanda za ki ji tsoro shi ne ƙaton kwaɗon nan mai ruwan ƙasa da kuraje a baya, wanda aka kawo nan jihar Queensland a 1935 saboda ƙwarin rake, dafinsa na kashe kare. In yaranki na rarrafe a tsakar gida da magariba ki sa ido. Turo hoton naki mu gani tukunna.