Yawon dare a Seoul da gashin naman Koriya: idan na ce a ba ni na shanu, ya wadatar?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a Kaduna, an tura mu kwas na mako biyu a Seoul ta Koriya ta Kudu cikin watan Oktoba. A jadawalin da aka turo mana akwai wani yammaci da ɗan jagora zai zagaya da mu cikin gari a ƙafa, daga ƙarfe biyar zuwa tara, a rufe da cin gasasshen nama irin nasu. An riga an biya kuɗin. Na rubuta wa masu shiryawa cewa ni Musulmi ne, suka ce babu damuwa, akwai naman sa. Wani abokin aikina da ya taɓa zuwa ya ce shi ma haka ya yi, in yi bismilla in ci, ai abincin Ahlul Kitabi ne. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Ba na so in ci abin da zan dawo ina nadama, ba na kuma so a ce ni ne na ɓata wa mutane dare. In je, ko in ce ba ni da lafiya? Kuma ina zan yi magariba?

Amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Kada ka yi ƙaryar ciwo, ka je. Yawon ya cancanci takawa, kuma matsalar abincin tana da gyara in ka tashi tun yanzu. Amma amsar da aka ba ka, wai akwai naman sa, ba ta amsa abin da ka tambaya ba, kuma a kanta zan daɗe.

Bari in gama da tafiyar tukuna, don ita ce mai sauƙi. Irin wannan zagaye yawanci daga dandalin Gwanghwamun ake farawa, wajen mutum-mutumin Sarki Sejong wanda aka ƙirƙiro haruffan Koriya a zamaninsa a 1443. Fadar Gyeongbokgung da aka gina a 1395 tana nan gabanka, sai dai a Oktoba ƙarfe shida ake rufe ta, ana daina shiga tun biyar, don haka daga waje za ku kalli ƙofarta da fitilu. In ɗan jagoran ya san aikinsa zai kai ku fadar Deoksugung, wadda take buɗe har tara na dare ban da Litinin. Daga nan a gangara rafin Cheonggyecheon, wanda da gadar sama ce a kansa kafin a rushe ta a tono ruwan tsakanin 2003 da 2005, a bi ta Insadong, a ƙare a lungunan Ikseon-dong da Jongno 3-ga, ko a kasuwar Gwangjang da ke ci tun 1905. Ka sa takalmi mai taushi, ka riƙe rigar sanyi, don daren Oktoba a can yana cizo.

Magariba za ta same ku a hanya, domin a watan rana tana faɗuwa tsakanin biyar da rabi da shida da kwata. Ka fita da alwala da ƙaramar darduma. Babban masallacin Seoul yana unguwar Itaewon, ba a kan hanyarku yake ba, ɗakunan salla da ke wasu gine-gine kuma ba duka ke kaiwa dare a buɗe ba. Ka faɗa wa ɗan jagoran tun farko kana son minti goma a wuri mai natsuwa, ko ka yi amfani da rangwamen matafiyi ka haɗa da isha a masauki bisa yadda malaminka ya karantar da kai. Ka kula, alƙibla a Seoul yamma take, da ɗan karkata arewa. Na sha ganin mutanenmu sun duba inda rana ke fitowa sun kabbara.

To, mu dawo ga naman.

Kusan duk wanda ya zo mini da shirin zuwa Koriya, da wannan lissafin yake zuwa: alade ne haram, ni kuwa sa zan ci, shi ke nan. A gida lissafin yana tafiya daidai, domin idan ka tsaya gaban mai balangu ba ka tambayarsa wa ya yanka, ka san mahaucin Musulmi ne, ka san abin da bai taɓa hawa wayar gashinsa ba. Wannan natsuwar ce mutane ke sakawa a jaka su hau jirgi da ita, alhali duk abin da ta dogara a kansa babu shi a Jongno.

Fara da yankan. Naman sa a gidan gashi na gama-gari ko dai hanwoo ne, wato san ƙasar mai tsada, ko kuma wanda aka shigo da shi daga Amurka ko Ostireliya. Mayankar Koriya tsafta da lafiyar dabba take dubawa, babu ruwanta da addinin mai wuƙa ko ambaton sunan Allah. Maganar abokinka ta Ahlul Kitabi kuwa, ayar tana nan a suratul Ma'ida, babu mai musunta ta, amma sai a tambaya su wa ake nufi. A ƙidayar 2015 kimanin kashi 56 cikin ɗari na mutanen Koriya ta Kudu sun ce ba su da addini, sama da kashi 15 kaɗan mabiya Buda ne, Kiristoci duka-duka ba su kai kashi 30 ba. Da wace hujja za ka ɗauka cewa wanda ya yanka wannan san Kirista ne? Hadisin a yi bismilla a ci da ake yawan jawowa, Nana A'isha ce ta ruwaito shi, kuma an yi tambayar ne a kan naman da mutanen da ba su daɗe da musulunta ba suke kawowa. Ni aikina shirya tafiya, fatawa ta malamai ce, amma in za ka kai wa malami tambayar ka kai masa da waɗannan alƙaluman. Kada ka ce masa kawai ƙasar Turawa ce, don ba ita ba ce.

Wani zai ce ai na Ostireliya halal ne. Gaskiya ne mayanku da dama a can suna da shaidar halal saboda kasuwar ƙasashen Musulmi. Doka kuma ta tilasta wa gidajen abinci a Koriya su rubuta ƙasar da naman ya fito, za ka gani a bango ko a takardar abinci. Sai dai sunan ƙasa kawai allon yake faɗa maka. Bai faɗi mayanka ba, bai faɗi wuƙar da aka yanyanka shi da ita a bayan kicin ba.

Sai haɗin da ake jiƙa naman. Bulgogi da galbi, waɗanda su ake fara miƙo wa baƙo, ana jiƙa su ne a ruwan waken suya da tafarnuwa da man riɗi da sukari da markaɗaɗɗen 'ya'yan itace, kuma sau da yawa da giyar shinkafa ta girki, wadda suke kira cheongju ko mirim ko matsul. Mai gidan ba ya lissafa ta a matsayin giya, a wajensa kayan haɗi ce kamar gishiri, don haka in ka tambaye shi ko akwai barasa zai ce a'a da zuciya ɗaya. Shi galbi ma haƙarƙari ne, yana iya zama na sa, yana iya zama na alade.

Abin da mutane ba sa hangowa sai sun zauna shi ne yadda ake cin. Ba faranti ake kawo wa kowa ba. Murhu ɗaya ne a tsakiyar tebur, mutum huɗu a kansa, abin juya nama ɗaya, almakashi ɗaya. Abin da 'yan Koriya suka fi so a irin wannan zama shi ne samgyeopsal, tumbin alade mai layin kitse, sai moksal na wuya, sai galmaegisal wanda lungun Jongno 3-ga ya yi suna da shi, shi ma alade ne. A gidajen da suke gasa shi a kasko, kaskon a karkace yake don kitsen ya gangara, a ƙasan gangarar kuma ake zuba kimchi, wato kabejinsu mai tsami da yaji, da tafarnuwa su soyu a cikinsa. To ka ce naka na sa ne, an ɗora maka a gefe guda na wannan kaskon. Me ka tsira da shi? Na ji masu cewa wuta tana tsarkake komai. Maiƙon da ke tsiyaya yanzu-yanzu yana taɓa namanka, wace wuta ce ta tsarkake shi? Ko a hadisin Abu Sa'alaba a kan kwanukan Ahlul Kitabi, cewa aka yi in an sami wasu kada a ci a cikinsu, in ba a samu ba a wanke tukuna.

Ƙananan kwanukan da ake jerawa kyauta, banchan, yawancinsu ganye ne, kimchi kuma galibi da ruwan kifi ko ƙananan jatan lande ake haɗa shi, wannan ba matsala. Amma miyar kimchi jjigae da ke zuwa tana tafasa a ƙarshe, da alade aka fi yin ta. A Gwangjang za a miƙo maka ɗanɗano: sundae hanjin alade ne da jini, mandu, ƙullin fulawa mai haɗi a ciki, yawanci da niƙaƙƙen alade, bindaetteok wainar wake ce da ake yawan sa mata alade ko a soya da kitsensa, gimbap kuma, wato naɗin shinkafa, yakan zo da siririn yankan ham, sarrafaffen naman alade, a tsakiya. Ka tambaya ko da nama a ce maka babu, don mutane da yawa a can ba sa ɗaukar ham da tsiran gwangwani a matsayin nama. Ba yaudara ba ce, kai da shi ne ba abu ɗaya kuke nufi ba.

Waɗanda nake jin haushi su ne 'yan uwanmu dillalan tafiya. Mutum bai taɓa taka Incheon, filin jirgin saman da ake sauka in za a Seoul, ba, ya kwafo jadawali daga intanet, ya liƙa masa halal da manyan baƙaƙe, ya karɓi kuɗin mutane. Ka tambaye shi sunan gidan abincin ya ce za a gani a can. Hukumar yawon buɗe ido ta Koriya da kanta ta kasa gidajen abinci kashi huɗu don kada a ruɗe. Akwai mai takardar shaidar halal daga hukuma irin su Tarayyar Musulmin Koriya, KMF. Akwai wanda mai shi Musulmi ne ya ba da shaida da kansa. Akwai Muslim Friendly, mai wasu abinci na halal a jerin amma yana iya sayar da giya. Na ƙarshe shi ne Pork Free, wanda iyakar alkawarinsa babu alade, bai ce komai a kan yanka ba. Dillalanmu sun tattara huɗun nan sun zuba a buhu ɗaya, kuma idan an kama su sai su ce ai Allah Mai gafara ne, larurar tafiya ce. Wace larura a birnin da masallacinsa ke tsaye tun 1976, da gidajen abincin Musulmi jere a kan tudun da ke kaiwa gare shi? Larura ita ce ka nema ka rasa. Wanda bai ko tambaya ba, bai kai nan ba.

Ga abin da za ka yi. Ka sake rubuta wa masu shiryawa yau, kada ka bari sai ranar, domin an riga an kama tebur kuma a gidan gashi ba a cika karɓar odar ƙasa da ta mutum biyu ba. Ka nemi sunan gidan abincin, ka duba shi a Naver Map, manhajar taswira ta Koriya, hotunan takardar abincin za su nuna maka komai. In ka ga 돼지 to alade ne. Ka tambaye su ko za a iya mayar da cin abincin Itaewon, inda akwai gidajen gashin Koriya masu naman halal, bulgogi da galbi da rago, a kan murhu irin wancan. Jirgin ƙasa layi na 6 ne ke kaiwa, kuma in akwai wasu Musulmi a kwas ɗin, 'yan Indonesiya ko Uzbekistan ko Masar, ku haɗa baki, an fi saurin sauraren mutum biyar. In ku ka tafi can ka sami isha a masallaci ma.

In sun ce ba za a canza ba, ka nemi tebur daban da sabuwar waya da almakashi daban, a kawo maka abin teku: jatan lande, kifi, ko naman kaza da albasa, da gishiri da man riɗi kawai, ban da miyar shafawa. Canza wayar gashi abu ne da ma'aikatan ke yi sau da yawa a zama ɗaya, ba wanda zai ga ka cika fitina. Ka naɗe a latas da shinkafa kamar kowa. In gidan na alade ne zalla, irin wanda hayaƙinsa ke kama riga, ka gama yawon da su, ka yi sallama a ƙofa, ka wuce lungun gasasshen kifi da ke kusa da Dongdaemun ko gidan abincin 'yan Buda a Insadong, waɗanda ba sa sa nama ko kaɗan.

Za a zuba soju, giyarsu ta gargajiya, za a miƙo maka da hannu biyu, musamman in akwai babba a wurin. Ka riƙe kofinka da hannu biyu kai ma, ka ce sul mot masyeoyo, wato ba na iya shan giya, ka nemi saida, lemonsu mai kama da Sprite. Zama a teburin da ake sha kuwa malamai sun yi magana a kai, wannan ma dalili ne na neman tebur daban. Jimla biyu kuma ka haddace ko ka sa a rubuta maka a waya: jeoneun museullim-imnida, ni Musulmi ne, da dwaeji-gogi mot meogeoyo, ba na cin naman alade. In magana ta cije tsakaninka da mai gidan, ka kira 1330, layin taimakon baƙi ne, akwai masu Turanci da za su yi maka tafinta nan take.