Dabinon mai naƙuda da Nana Maryamu

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Sannu da nauyi, Allah ya raba lafiya. Kin ce surukarki ta aiko miki da dabino daga Argungu, ta ce ki lazimci Suratu Maryam, maƙwabciyarki Kirista 'yar Zuru kuma ta riƙe baki, wai ashe mu ma mun san Maryamu. Kina son ki ji ko al'adar tana da tushe.

Tana da shi. Buɗe sura ta 19 ki gani. Naƙuda ta kama baiwar Allah ita kaɗai, ba uwa ba ungozoma, ta jingina da kututturen dabino har ta ce ina ma ta mutu kafin wannan rana. Wadda Allah ya zaɓa a kan matan duniya ce fa ta faɗi haka, saboda haka in ranar ta zo kika yi raki, kada wata ta ce miki haihuwar fari sai dauriya. Sai aka ce mata ta girgiza itacen, nunannun dabino su zubo, ga ruwa na gudu a ƙarƙashinta, ta ci ta sha hankalinta ya kwanta. Daga nan iyayenmu suka ɗauko. Kakarki, Allah ya jiƙanta, takan jiƙa shi a ƙwarya, ta murtsuke ta tsame ƙwallon, ta ba mai jego tun kunun kanwa bai sauka daga murhu ba. Wasu kan haɗa da rubutun sha. Ban hana ki ba, amma kada ya sa ki fasa zuwa awo.

Nana Maryamu ita kaɗai ce macen da Alƙur'ani ya kira da sunanta, har sau 34. Tun tana ciki uwarta ta yi bakancen ba da ita ga hidimar Allah, malamai suka jefa alƙalumansu a kan wa zai riƙe ta, riƙon ya faɗa wa Annabi Zakariyya. Shi ya sa da wuya ki shiga gida a nan ba ki ji ana kiran Mairo ko Mairamu ba.

Ita kuma maƙwabciyarki, gaya mata farkon wannan surar ne Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya karanta wa Najjashi, sarkin Habasha Kirista, har ya yi hawaye, ya ƙi miƙa Musulmin da suka yi hijira wurinsa. A Linjilar Luka su ma suna da zuwan Jibirilu da cikin da ba namiji, sai dai haihuwar a Baitalami ce, aka kwantar da jariri a komin dabbobi. In 'yar Katolika ce za ki ga tana jan carbi da sunan Maryamu, musamman a Mayu da Oktoba, ta yi kwalliyar coci ranar 15 ga Agusta, ranar bikin Maryamu. 'Yan ECWA ba sa roƙo ta hanyarta.

Inda muka rabu shi ne laƙabin "Uwar Allah" da manyan coci suka tabbatar a taron Afisa a shekarar 431. Mu uwar Annabi Isa muke cewa, mai gaskiya, ba mu kuma ajiye siffarta a ɗaki. Maƙwabciyarki ta san wannan, ke ma kin sani, ba sai kun tayar da jijiyar wuya a bakin rijiya ba. Ki ɗibar mata dabinon ma ta kai wa yara.

In mace kika haifa, ki shaida wa maigidanki gwaggonki ta riga ta kama suna.